Kunnen Ɗan Kasuwa: Wane Rediyo Za A Saya Yanzu Da Manyan Tashoshi Ke Yin Shiru?

A tsakiyar watan Maris na shekarar 2025, masu sauraren Sashen Hausa na Muryar Amurka sun murɗa rediyonsu a lokacin da suka saba, amma maimakon muryoyin da suka sani sai suka yi ta jin kiɗa ba ƙaƙƙautawa. Ga mutanen wannan yanki namu, kiɗa a gurbin labarai ba ƙaramar magana ba ce, domin da shi sojoji suka saba share fagen sanarwa, shi ya sa wasu suka riƙa tambayar juna ko juyin mulki aka yi a Amurka. Ashe Shugaba Donald Trump ne ya sa hannu a wata takardar umurni ranar 14 ga watan, wadda ta karya lagon hukumar da ke kula da tashar, aka kuma tura ma'aikata sama da 1,300 hutun dole. Sashen da ya fara aiki tun 1979 ya yi tsit a wuni guda.

Kafin wannan, a watan Disamba na 2024, hukumomin Nijar sun dakatar da shirye-shiryen BBC na tsawon wata uku a kan zargin yaɗa labarin ƙarya game da wani hari a yankin Tillaberi, aka umurci gidajen rediyon FM da ke karɓar shirin su daina sa shi. Kafin nan kuma, ranar 3 ga Agusta na 2023, mako guda bayan kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, an rufe bakin RFI da France 24 a ƙasar. Ke nan cikin ƙasa da shekara biyu, uku daga cikin manyan tashoshin waje da Bahaushe ya saba karyawa da su, ya kuma kwana da su, kowace ta gamu da nata cikas, wata daga gida, wata daga waje.

Tun daga lokacin, tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi mana, mu ma'aikatan gidajen rediyon karkara, ita ce: wane rediyo ne zai kama gajeren zango sosai? Wasu har da akwatin a hannu suke zuwa, sabo fil, an saya jiya, yau ba ya kama komai sai "shuuu". Muna ganin tambayar ta cancanci a zauna a yi mata bayani, saboda ta wuce maganar nishaɗi. Magana ce ta jari.

Labari Jari Ne A Kan Iyaka

Duk wanda ke neman abinci tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Magarya da Maigatari, ko Gaya da Kamba, ya san cewa ribarsa da faɗuwarsa suna rataye ne a kan shawarar da ake yankewa a Abuja ko Yamai ko Faris, ba tare da an tambaye shi ba. Dattawan kasuwa ba su manta da watan Afrilu na 1984 ba, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki ta kuma canja launin naira, ta ba da ɗan gajeren wa'adin kai tsohon kuɗi banki. Waɗanda ke riƙe da naira a wannan gefen iyaka, da yawansu takarda kawai suka rage da ita. Ba a sake buɗe iyakar ba sai a 1986.

Haka nan ranar 12 ga Janairu na 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake canjawa sefa 50 ya koma sefa 100. Wanda ya ji da asuba ya rufe shagonsa ya sake lissafi, wanda bai ji ba ya sayar da hajarsa a tsohon farashi yana murna ya yi ciniki. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta saboda shinkafa, sai ranar 16 ga Disamba na 2020 aka buɗe huɗu daga ciki, har da Illela da Maigatari. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka yi ta ɗage wa'adi har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris na 2023. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya kau, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki, masu bumburutu a gefen hanya kuwa suka ji a jikinsu tun daga Ƙonni har Marwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa da tumatir suka ruɓe a ciki, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, tazarar da ke tsakanin wanda ya tsira da wanda ya karye sau da yawa ba ta wuce 'yan sa'o'i ba. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Hanyoyi Uku, Kowace Da Mai Riƙe Da Makullinta

A yau labari yana iso ma ɗan kasuwa ta hanya uku: FM, wayar hannu, da gajeren zango. FM ta fi daɗin saurare, muryarta fes, mu ma a kanta muke aiki. Amma mun fi kowa sanin rauninta. Ba ta tafiya nesa, da zarar mota ta yi 'yan kilomitoci daga gari sai ta fara yankewa. Tana bukatar lasisi daga hukuma, don haka takarda guda ta isa ta hana a sa shirin wata tashar waje. Tana kuma bukatar wuta, kamar yadda aka gani a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, wanda shi ne kaso mafi yawa na wutar ƙasar, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga ɗauke-ɗauke.

Wayar hannu kuwa ta fi sauri, amma tana rataye ne a kan dogon ƙarfen sabis, shi kuma a hannun kamfani da gwamnati yake. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, Jibiya na ciki. A watan Fabrairu na shekarar, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an ɗauke intanet na wayoyi a Nijar har kwana goma. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019. Jihohin Borno da Yobe da Adamawa sun ɗanɗana irin wannan tun 2013. Ko da sabis ɗin yana nan, ga tsadar data, ga kuma saƙon murya na WhatsApp da ba a san wanda ya fara shi ba, wanda sau nawa ya sa mutane sauke kaya ko gudu daga kasuwa a kan labarin da babu shi.

Gajeren zango shi kaɗai ne ba ya bi ta ofishin kowa a ƙasar da ake saurarensa. Ana harbo shi daga nesa ƙwarai, ya haura sama ya bugi wani rufin iska da hasken rana ke caja, ya dawo ƙasa dubban kilomitoci daga inda ya taso. Shirin da BBC ke harbowa daga tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atlantika, ko wanda Faransa ke harbowa daga garin Issoudun, ba ya tsayawa a shingen duwan ko kwastan. Batir biyu da eriya sun isa.

Sai Dai Shi Ma Gajeren Zangon Yana Ja Da Baya

A nan ne ya kamata mu gaya wa juna gaskiya. Gajeren zangon yau ba shi ne na shekarun da BBC (tun 1957) da Jamus da Sin (tun 1963) da Amurka suke gasar cika sararin sama ba, lokacin da Rediyon Kaduna ke ratsa Nijar da Chadi da Kamaru a kan mita 49. Manyan tashoshin sun ga kuɗin kula da injinan harbawa ya yi musu yawa, suka karkata ga FM da intanet. DW ta rufe tasharta ta Kigali a ƙasar Ruwanda a shekarar 2015, bayan ta yi kusan shekara hamsin tana ba Afirka shiri daga can. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a watan Janairu na 2023, bayan shekara 85.

Amma abin lura shi ne, da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022, BBC ta koma ga gajeren zango don ta kai labari can. Da Sudan ta kama da wuta a watan Afrilu na 2023, cikin makonni kaɗan ta buɗe shirin gaggawa na Larabci a kan gajeren zango, wata uku kacal bayan ta rufe wancan. Ke nan su kansu masu tashoshin sun san cewa ranar da komai ya tsaya, wannan tsohuwar hanya ce ke ragewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, a da shiri guda yakan fito a kan mitoci da yawa da ƙarfin gaske, ko wane irin akwati zai kama. Yanzu mitocin sun ragu, wani lokaci kuma daga nesa ake harbowa, ga hayaniyar kayan lantarki da ta cika garuruwanmu. Rediyon da ya wadatar a shekarun baya ba lallai ne ya wadatar yau ba. Saboda haka zaɓen ya fi na da muhimmanci.

Mitocin Da Dole Rediyo Ya Ƙunsa

Kafin a duba suna ko launi, a duba fuskar rediyon. Gajeren zango ya kasu ne mita-mita, kowace da lambarta: mita 49 tana wajen megahaz 6, mita 41 wajen 7, mita 31 tsakanin 9 da 10, mita 25 wajen 11 zuwa 12, mita 22 wajen 13, mita 19 wajen 15, mita 16 wajen 17, mita 13 kuma wajen 21. Dalilin da ya sa tashoshi ke sanar da mitoci daban-daban a shirin safe da na rana da na dare shi ne, wancan rufin iska na sama yana canjawa da rana. Idan rana ta take, manyan lambobi, wato 15 da 17 da 21, su ne ke tafiya nesa. Idan dare ya yi ko da asuba, ƙananan lambobi, 6 da 7 da 9, su ne ke aiki.

Don haka rediyon da ya tsaya a megahaz 12, kamar yadda wasu masu SW guda ɗaya suke, zai iya ba ka labarin dare amma ya bar ka a shirin rana, alhali shi ne lokacin da kake tsakiyar kasuwa kake kuma bukatarsa. Mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi shi ne wanda ya taso daga wajen 5.9 ya kai 18. In ya kai 22, ya fi.

Iri Uku A Kan Tebur

Na farko shi ne mai allura, wanda ake murɗawa a hankali. Wannan shi ne muka gada, daga National Panasonic da Sony na iyayenmu zuwa Kchibo da ya cika aljihun direbobi da masu gadi. Amfaninsa shi ne sauƙi, ba ya shan batir da yawa, wanda bai yi boko ba ma zai sarrafa shi. A irinsa, a nemi wanda aka rarraba mitocin, SW1 zuwa SW7 ko 8, kowace da layinta, domin idan aka cusa dukkan gajeren zango a layi ɗaya, tashoshi goma za su taru a faɗin ƙwayar gero, hannu ya ɗan motsa ka wuce wadda kake nema.

Na biyu shi ne mai lamba, wanda ke nuna mita a ɗan gilashi, a wasu ma ana danna lambar kai tsaye a kuma ajiye ta a ƙwaƙwalwarsa. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni yanzu su ne Tecsun da XHDATA na ƙasar Sin da Sangean na Taiwan. Ya fi tsada, amma a wannan zamani da tashoshi ke sauya mita, shi ya fi dacewa da wanda abincinsa ya dogara da labari: an sanar da 15490 ko 9440, ka danna, ka isa, ba lalube. Sai dai a yi hattara, akwai masu araha da aka maƙala wa gilashin lamba alhali cikinsu na mai allura ne, lambar tana rawa tana gudu da kanta. Wanda zai sayi mai lamba ya kuma duba cewa a matsakaicin zango ana iya sa shi ya riƙa tsallake tara-tara, domin haka tashoshin Afirka suke jere, na nahiyar Amurka ne ke tafiya goma-goma. Akwai kuma wasu masu tsada da ke ɗauke da abin da ake rubutawa SSB, wannan na masu sauraren jiragen ruwa da 'yan sha'awa ne, ɗan kasuwa bai bukatar ya ƙara ko dala ɗaya a kansa.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa a kasuwanninmu yau: babban akwati mai tocila, da wurin sa memori, da Bluetooth, da ƙatuwar lasifika, da ɗan faifan sola a ka. Don sauraren karatu da wa'azi da waƙa ba laifi. Amma mun sha buɗe irinsu a wurin aiki idan aka kawo mana ƙara, sai mu tarar an zuba kuɗin a kan fitila da lasifika, ɓangaren gajeren zangon kuwa ɗan guntun abu ne da ba a ko daidaita shi ba. Mun taɓa ganin wanda aka rubuta wa SW har huɗu a fuska, amma duk inda ka juya maɓallin abu ɗaya ne ke fitowa. Ba duka ne haka ba, amma yawan kwalliya ba shaida ba ne.

Game da suna kuwa, kowa ya san halin kasuwa. Da zarar wani suna ya karɓu, sai jabunsa ya biyo baya, a canja harafi ɗaya ko a bar shi yadda yake. Sony da kansa ya daina ƙera manyan rediyoyinsa na gajeren zango shekaru da suka wuce, don haka idan aka miƙo maka sabo a kwali da wannan suna a farashin buhun gawayi, ka san abin da ke hannunka. Tsohon na ainihi na hannu, in mai gyara ya duba ya ce lafiya yake, sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Gwaji Kafin A Biya

Ba a cinikin biri a sama. Babu ɗan kasuwar da zai sayi buhun wake bai soka ya gani ba, to haka rediyo. Mai shago zai kunna maka FM ta garin, murya ta fito ras, ka yi zaton ka samu. Wannan ba gwaji ba ne, ko wayar hannu za ta yi hakan.

A je saye a lokacin da ake shirin Hausa na wata tashar waje, da rana ko da yamma. A roƙi mai shago a fita da rediyon waje, nesa da janareto da allon cajin waya, a zare eriya duka. A bi mitocin ɗaya bayan ɗaya. Rediyo mai kyau da rana zai kama wani abu a mita 19 da 16, ko da da harshen da ba ka ji ne. Idan kana kan SW amma tashar FM ta garin tana kutsowa ko'ina, a ajiye shi. Idan tashoshi biyu suna magana a kan juna kuma murɗawa ba ta raba su, a ajiye shi. Idan an kama tasha, a bar shi minti goma ana hira, in ya zame da kansa sai an sake nema, haka zai yi ta yi maka kullum. A ɗaga hannu daga jikinsa a gani ko muryar za ta ɓace.

Daga nan sai jiki. Eriya ita ce ke fara karyewa, a duba gindinta: wadda aka ɗaure da noti ana canja ta a wurin mai gyara, wadda aka manne ba ta da magani. A murɗa abin neman tasha a ji ko yana santsi ko yana kwance-kwance, domin a masu allura zare ne a ciki, in ya saki shi ke nan. A buɗe gidan batir a duba ƙarfen da murfin. A gwada ramin abin sawa a kunne, saboda a cikin hayaniyar kasuwa ko a bayan mota shi ne zai cece ka. A ƙarshe a yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa za a kwana da shi a gwada shirin dare da na asuba, in bai yi ba a dawo da shi. Mai kaya na ƙwarai ba ya tsoron wannan sharaɗi.

Maganar Batir

Rediyon da za a dogara da shi ranar da babu wuta bai kamata shi ma ya dogara da wuta ba. Wanda ke cin batir na zubawa, ƙanana ko manya, shi ya fi kwanciyar hankali ga matafiyi, domin babu ƙauyen da za ka rasa batir a teburin mai shayi ko mai kanti. Idan mai caji ne, a nemi wanda ake cire batirinsa a canja, kamar mai irin batirin tsohuwar wayar Nokia ko dogon nan na tocila mai lamba 18650. Wanda aka rufe batirin a cikinsa, ranar da batirin ya mutu rediyon ya mutu. Mafi kyau shi ne mai haɗa biyun. Ɗan faifan solar da ake maƙalawa a kan rediyo ya yi ƙanƙanta, taimako yake yi, ba ya cika batir yadda ake zato. Kada kuma a saurari gajeren zango rediyon yana jone da caja, ita kanta cajar ce ke haddasa ƙarar. In za a ajiye shi ya daɗe, a cire batir kada ya zubo ya ci ƙarfen.

Wani Lokaci Laifin Ba Na Rediyon Ba Ne

Da yawa daga cikin akwatunan da ake kawo mana lafiyarsu ƙalau. Shagon kwantena ko na kwano yana tare gajeren zango, ƙwan fitila na zamani da injin sola da caja kuwa suna cika shi da ƙara. A matsa bakin ƙofa ko taga. Siririyar waya mai tsawon mita biyar zuwa bakwai, a naɗe bakinta a eriya a rataya sauran a kan rumfa, tana yin abin mamaki, amma in ta yi tsawo da yawa ƙaramin rediyo yakan rikice. Da an ga hadari a cire ta saboda tsawa. Da hunturu kuma a riƙa sa shi a jaka ko a naɗe da ƙyalle, ƙura ce ke kashe maɓallai.

Sannan a riƙe wannan: tashoshin duniya suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba. Duk shekara a waɗannan makonni sai mun ji mutane suna cewa rediyonsu ya lalace ko an rufe tasha, alhali ƙaura kawai ta yi. A saurari sanarwar mita a farko ko ƙarshen shiri, a rubuta a bangon littafin bashi. Idan an faɗi lokaci da agogon GMT, mutanen Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi da Benin su ƙara awa ɗaya, na Gana da Togo da Burkina Faso kuwa daidai yake da nasu.

Kunne Biyu Allah Ya Ba Mu

Ba muna cewa duk abin da ya fito daga gajeren zango gaskiya ne ba. Kowace tasha da mai ita, kowane mai ita da bukatarsa, ko London ce ko Faris ko Bon ko Beijin, haka ma gidajen rediyon gwamnatocinmu. Abin da ya faru da Muryar Amurka ya nuna cewa mai biyan albashi yana iya kashe fitila duk ranar da ya so. Amfanin rediyo mai kyau shi ne yana ba ka damar jin biyu ko uku ka auna, kamar yadda ba ka yarda da farashin dillali ɗaya sai ka zaga. Ka ji na waje, ka ji na gwamnati, ka ji namu na karkara da ke gaya maka halin hanya da farashin hatsi da na dabbobi ranar Alhamis a Maigatari, sannan ka kira abokin hulɗarka na ƙetare in layi yana nan.

Muna kira ga masu shigo da kayan lantarki daga Kano da Legas da Kwatano da Lome su sani cewa akwai masu neman na ƙwarai, za su kuma biya in sun samu. Muna kuma ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi shawara, kowace ta mallaki rediyo mai lamba guda ɗaya a ofishinta ko a tasha, a ba wani amintacce ya riƙa kula da shi yana rubuta mitoci, kamar yadda ake ajiye ma'auni na gaskiya don raba gardama. Kuɗinsa bai kai asarar buhu ɗaya na albasa ba.

Ba mu fatan a sake rufe iyaka ko a ɗauke sabis, amma wanda ya ga 1984 da 1994 da 2019 da 2023 ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi. A sayi rediyon tun ana zaune lafiya, a gwada shi, a koyi mitocinsa, a ajiye batir na ko-ta-kwana. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu, ya sa albarka a kasuwa, amin.